Sauro a Firizar Inna

Inna ƙanƙara take sayarwa tun muna yara. Firiza ɗaya gare ta, doguwa, murfinta ya saki har sai an danne shi da dutsen niƙa. Ba ta yarda kowa ya buɗe, ko mu 'ya'yanta. Kuma a duniya ban san wanda ya tsani sauro kamarta ba.

Sai ga Auta, ƙanwarmu, ta tashi da binciken sauro. A cibiyar da take aiki akwai firiza ta gaske, amma ba a ba mutum gurbi a ciki sai yana da tallafin bincike. Tallafin kuma ba a bayarwa sai ka nuna sakamako, sakamako ba ya samuwa sai da firiza. Mazan wurin ba su damu ba, wajen shan shayi aboki ke ɗan sam wa aboki gurbi a firizar. Auta ba a kiranta shayin. Sau biyu tana neman tallafin, ana tambayarta wa zai riƙe mata yara in ta fita daji. Abokin aikinta mai 'ya'ya fiye da nata ba a taɓa yi masa wannan tambayar ba. Har yau in na tuna raina ɓaci yake yi.

Ranan nan ta shigo da kula cike da 'yan kwalabe.

“Inna, ki ara mini gefe ɗaya.”

“Mene ne a ciki?”

“Sauro.”

“Sauro? Na gidan nan bai ishe mu ba sai kin yi mana sari?”

Ta yi faɗanta ta gama, sannan ta kwashe ƙanƙarar gefen dama. Damina biyu Auta tana tarawa. Shekarunta kuma sun kusa wuce iyakar da aka sa wa masu neman tallafin, don haka in sauron nan ya narke, shi ke nan, babu sauran dama.

Ana saura 'yan makonni ta shiga gaban kwamitin tallafin, wutar unguwarmu ta lalace, ga zafi. Masu sari suka cika ƙofar gida da safe, don ranar ce ƙanƙara ke tsada. Inna ta leƙa ta ce babu. Ta tattara duk ƙanƙarar da take da ita ta jibga a kan kwalaben, ta lulluɓe firizar da barguna, ta ja kujera ta zauna a gabanta. Da na ce ta sayar ko rabi ne, harara ta ishe ni amsa. Kafin a gyara wutar, jarinta ya zama ruwa muna kwasa da bokiti, manyan masu sarinta kuma sun koma wani gida. Sauron bai narke ba.

Auta ta samu tallafin, ta sayi firizarta, ta zo ta kwashe kayanta. Na ce wa Inna to sai a cika gefen dama, a farfaɗo da ciniki.

“Bar shi haka,” in ji ta. “Auta kaɗai ce mace a cibiyar?”

Wata bai cika ba muka ji sallama. Wata mata ce da goyo a baya, da kula a hannu, tana ta jin kunya, wai Auta ce ta turo ta. Inna ba ta tambayi sunanta ba, ta ɗaga dutsen niƙan.

“Ke kuma wane ƙwaron kika kawo mini?”