Malam Issufu da Ofishinsa na Kan Ruwa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina zaune ƙofar gida a Adjamé Saint-Michel ina shafa wa gwiwata man zafi, sai jikana Abdu ya kira daga Bouaké. Da ya yi sallama, daga muryarsa na san ba lafiya ba. Sai ya ce, "Baba, Tonton Issufu ya rasu." Tonton, wato kawu, haka yara ke kiransa.

Ni na koya wa Issufu Garba karatu a lakwal, wato makarantar boko, zamanin da muke jiƙa alƙalami a tawada. Ban taɓa zaton zai riga ni ba. Cikin ɗalibaina shi kaɗai ya rage yana leƙo ni ranar Juma'a, ya kurɓi shayina marar sukari, ya yamutsa fuska, ya kira ni malam da Faransanci kamar yadda ya saba tun a aji, ya ce, "Misye, wannan shayi ne ko horo?"

A wata babbar makaranta yake aiki a Treichville, yana ba ɗalibai shawara kan sana'ar da za su bi bayan karatu. Amma yaranmu ba sa shiga ofishinsa. An baza cewa ɗakin masu taɓin hankali ne, kuma ba yaron da ke son a kai wa uwarsa wannan labari a kasuwa. Sai Issufu ya daina jiransu a kujera. In ya ga yaro yana ta kewaya ƙofar, sai ya ce, "Zo ka raka ni bato." Su gangara tashar jirgin ruwa, su tsallaka, su dawo. Yakan ce mini, "A ofis fuskata yaro yake kallo. A bato ruwa yake kallo, sai bakinsa ya buɗe."

Ban san nauyin wannan magana ba sai da ta zo gidana. Abdu maraya ne, ni na rene shi. A shekararsa ta ƙarshe ya daina zuwa makaranta, ya daina cin abinci, ya kwanta ya juya wa bango fuska. Na yi faɗa, na yi lallashi, na karɓo rubutu. Kullum ramewa yake, ni kuma ina kallon abin da ya rage mini a duniya yana zubewa.

Issufu bai tambaye shi aikin da yake so ba. Cewa ya yi, yana kiransa yaro da Faransanci, "Petit, rabonka da barci yaushe?" Asabar bayan Asabar suna tsallaka ruwa. Daga baya ya kama hannunsa ya kai shi wurin likita, ya ce mini, "Misye, rubutun a ci gaba da sha, maganin ma a sha. Ba sa faɗa da juna." Sai da yaron ya fara neman ƙarin tuwo sannan suka yi maganar sana'a. Yau Abdu gyaran injinan sanyi yake, da matarsa da 'yarsa.

Ƙafata ba ta kai ni maƙabarta ba. Daga gidansa na unguwar Belleville aka ɗauki Issufu, aka ce mini matasa sun cika layin, kowa na ɗaukan shi kaɗai ne ya san sirrin marigayi. Abdu ya taso daga Bouaké, shi ne ya shiga kabarin ya karɓe shi. Yaron da na fid da rai zai binne ni, ga shi da ƙarfin sauke wani.

Allah ya jiƙan Issufu, ya yafe masa kurakuransa, ya yalwata masa makwanci. Allah ya ba matarsa Hajiya Ramatu da yara haƙurin rashi. Ɗaliban da ya bari ba su gama faɗin abin da ke ransu ba, Allah ya kawo musu mai saurare. Mu kuma da muka daɗe, in tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani. Amin.