Addar Tat Anselmo a Bakin Kwazazzabo

Kullum da safe Tat Anselmo Kumes, wato Baba Anselmo a harshenmu, kan sha kunun masararsa a tsaye, ya gangara kwazazzabon da ya raba ƙauyenmu da hanyar kasuwa. Can yake kafa addarsa a ƙasa, ya durƙusa, ya ɗora kunne a kan ƙotar. In dutsen nan mai aman wuta da ke bisa ƙauyenmu ya sako taɓo daga sama, ƙarfen kan yi rawa tun ido bai gani ba. Shekara arba'in da ɗaya ke nan yana ƙetarar da matafiya haka.

Mutanenmu na cewa dutsen ne ke yi masa raɗa. Ban yarda ba. Raina wahalar mutum ne kawai. A dubi kantar da ke gwiwoyinsa.

Ku tambayi Nan Petrona, wato Inna Petrona, mai sayar da tumatir. Daminar bara waccan, rana tsaka, ba ko ɗigon ruwa, suna cikin mota su goma sha bakwai, sai ga tsohon ya tare hanya.

Direba ya leƙo. "Tat, yau kuma me matarka ta ƙarfe ta gaya maka?"

"Ta ce ka kashe mota, ɗan nan."

Nan Petrona ta ɗaga murya: "Tumatir zai ruɓe, Tat!"

"Gara shi da ke, Nan."

Ba su gama zaginsa ba taɓon ya iso, yana tururi, yana gungura duwatsu kamar ɗakuna. Ashe ruwa ne ya zuba a can sama.

To wannan mutumin ne ofishin lardi ya hana yi wa matafiya jagora tun watan jiya. Wai sai mai takardar shaida, takardar kuma sai an ci jarrabawa a rubuce da Sifaniyanci. Tat Anselmo da harshenmu na Kakcikel ya tashi, da shi yake mafarki. Ya zauna awa biyu gaban takardar, ya miƙa ta fara tas. Magatakarda ya ce masa, "Je ka huta, tsoho." Huta! Na koyar shekara talatin, na san abin da jarrabawa ke aunawa. Ba ta jin motsin ƙasa.

Tat, kai ne kunnen wannan hanya. Ba ka taɓa rasa matafiyi ba, ko mai zaginka. Mun gode, kuma muna jin kunya.

Ranar Litinin ni da Nan Petrona za mu ofishin, mu nemi a yi masa tambayoyin da baki, da harshensa, a bakin kwazazzabon. Duk wanda ya taɓa ƙetarewa a bayansa ya biyo mu. Masu takardar kuma su durƙusa su koya tun yana raye.

Magatakarda ma muna so ya zo ya gani: damina ta kama, jagororinsa masu takarda suna nan cirko-cirko a bakin gaɓa kowace safiya, ba mai sa ƙafa sai tsohon da aka kora ya zare addarsa daga ƙasa.