An Ce Ba Za a Yi wa Kaka Aiki Ba

Tun asuba muka shirya, amma sai da rana ta fito sosai muka bar Gangara, don yanzu a hanyarmu babu mai sammako sai wanda ya gaji da duniya. Ni da kakata ne, wadda nake kira amaryata, ita kuma tana ce mini ango marar ko akuya. Babana yana Nijar wajen fatauci, sai aka ɗora mini kai ta babban asibiti a Sakkwato. An riga an ɗauki hoton cikinta, yanzu za mu jin ranar da za a yi mata aiki. Ita kuwa babu abin da take tsoro kamar wuƙar likita.

A tashar Sabon Birni aka cusa mu cikin wata mota da na rantse ta girmi Kaka. Ga mutane, ga buhuna, ga wani bunsuru da ya zuba mini ido kamar ni na yanka ubansa. Kuɗin mota ya ninka na bara. Ramuka kuwa, akwai wanda muka faɗa, kafin mu fito har na fara gemu. Da muka shiga dajin da kowa ke tsoro saboda 'yan bindiga, motar ta yi tsit, har bunsurun ya kama bakinsa. Sai a Goronyo aka koma surutu. Na sayi ƙosai, na cinye nawa, na cinye na Kaka, ta kai mini duka da mafici.

Asibitin gari guda ne. Bayan dogon jira likita ya duba hoton, ya ja ni gefe.

"Ina babban da ya rako ta?"

"Ni ne babban," na ce.

Bai yi dariya ba. Ya ce ciwon daji ne, ya riga ya bazu, aiki ba zai yi amfani ba, sai dai maganin rage zafi. Ya koma ya durƙusa gabanta ya ce, "Mama, ba za mu yi aikin ba."

Kaka ta dube ni, sannan ta rangaɗa guɗar da ta kusa ɗage rufin asibitin.

Muka kwana gidan wata 'yar garinmu, washegari muka juyo. Duk wanda ya shigo motar sai ta sanar da shi ta tsira daga wuƙa. "Barka, Iya! Allah shi ƙara sauƙi!" Direba ma ya yi mata barka. Mota cike, kafaɗar wani a kunnena, amma ban taɓa zama ni kaɗai kamar ranar ba. Na kira Baba, layi bai shiga ba. Na kalli gonaki suna wucewa, ina ta juya yadda za ni gaya mata. A Goronyo ta saya mini ƙosai, ya huce a hannuna.

A Sabon Birni muka zauna a inuwa muna jiran ɗan kabu-kabu, mai babur ɗin haya. Ta ɓare goro, ta ajiye rabi a gefen zanenta, inda na saba sacewa. Ban taɓa shi ba.

"Kai ango, mi ya kashe maka baki? Tun jiya ba ka ce mini tsohuwa ba."

"Gajiya ce, Kaka."

"Kaka? Yau ni ce Kaka?" Ta tauna goronta. "Wanga yaro, noma na tashi ina yi. Gonar da aka ce a bari kada a yi mata aiki, na san abin da ake nufi."

Na tambaye ta dalilin guɗar. Ta ce fuskata ta gani, kamar za ni faɗi a gaban mutane.

"Ubanka kaɗai za ka gaya ma. Sauran, in sun ji, za su dinga zuwa suna yi mini magana a hankali kamar gawa. Ba ni so. Kai kuma in ka daina tsokanata, na kashe auren."

Na ɗauki goron. Ɗacinsa ya kai har ido, shi na ɗora wa laifin hawayen.

Kafin la'asar muka shiga gida. Mata suka taso, "Mi likita ya ce?" Kaka ta juyo tana kallona. Na ce likita ya gwada wuƙa bakwai a fatar tsohuwar nan duk sun lanƙwashe, ya roƙe mu mu tafi da ita kafin ta ƙarar masa da kayan aiki. Gidan ya kaure da dariya, mafici ya sauka a ƙeyata.

Na zagaya bayan rumbu, inda layi ke kamawa, na kira Baba. Wannan karon ya shiga.

A tafiyar nan na gane a bakin likita "ba za a yi ba" daban yake da "ba sai an yi ba". Na kuma samu aiki: kullum da safe za ni je ɗakin amaryata in ce mata tsohuwa, in sace goro, muddin tana ajiyewa.