Jiragen Baffa da Aka Wanke

Ƙanena ya wanke jiragen Baffa da sabulu, kuma ban yafe masa ba. Wai shekara ta zagayo, za a yi sadaka, kada baƙi su ga datti. Huɗu ya wanke, har ya bi su da fenti mai ƙyalli.

Datti! Marigayin mai gyaran rediyo ne a Garwa. Da gwangwanin sardin da hanjin matattun rediyoyi yake ƙera 'yan jiragen zuwa duniyar taurari. In fenti ya bushe, sai ya kankare gefuna da reza, ya goga baƙin tukunya da tsohon buroshin haƙori. Wata la'asar ina riƙe masa fiffiken wani jirgi, warin gam na hawa mini kai, na ce, "Baffa, ka ɓata shi."

Ya ce, "Ke 'yar nan, motar da ta sha ƙurar hanyar Tuboro ma da wace kama take isowa? Balle jirgin da ya ratso wuta?"

Na faɗa wa ƙanena haka, ya ce, "Adda, kayan wasa ne fa."

Da safe na hau moto, wato babur, da kwali, na kwaso ukun da suka tsira, na kulle su a ɗakina. Allah ya haskaka kabarinka, Baffa, ya tsare aikinka daga masu gyara.