Wandon Yaya Rilwanu da Tukunyar Inna

Ranar wata Laraba ce a tsakiyar damunar 1989, ina 'yar shekara goma sha ɗaya, ruwa yana dukan kwanon gidanmu na unguwar Sabo a Ibadan tun da hantsi. Ruwan Ibadan ba ya gaggawa. Idan ya sauka sai ya zauna kamar baƙon da ya zo da tabarmarsa. Innarmu tana sana'ar tuwon shinkafa da miya a cikin gida, mu yara muke kai wa fataken goro da na shanu a masaukansu. A ranar itacen ya jiƙe, hayaƙi ya cika rumfar girki, ni kuma ina tsugune ina fifita wuta da murfin kwano. Da miya ta nuna, Inna ta jawo tsumman da ke rataye a jikin ginshiƙi ta kama kunnuwan babbar tukunya. Ashe feshin ruwa ya jiƙa shi. Duk macen da ta taɓa girki ta san jiƙaƙƙen tsumma ba ya tare zafi, kai shi yake yi har cikin fata. Inna ta fi kowa sani, amma a watannin nan hankalinta ba ya jikinta. Ba ta saki tukunyar ba, domin abincin mutane ne. Ta kai ta ƙasa a hankali, ta yi salati da ƙaramar murya, kafin azahar tafukanta biyu sun yi bororo.

Abin da ya ɗauke mata hankali shi ne babban wana, Yaya Rilwanu. Shi haifaffen Sabo ne, ya yi allo ya yi boko, yana Yarbanci kamar ɗan unguwar Mokola, yana Turancin kasuwa da abokansa har mu riƙa dariya. Babanmu kuwa mutumin zamanin da ne, dillalin goro, wanda bai taɓa sa wando ba sai mai zariya. Wata rana Yaya ya sayo wandon jins a wurin 'yan gwanjo, shuɗi mai kauri, da ɗinkin zare ruwan goro a gefe da wani jan faci a gwiwa. Duk layinmu babu mai irinsa. Ya sa shi ya tafi sallar Juma'a, ya tsaya a sahu ɗaya da Baba. Da aka yi sujada wandon ya matse shi, rigar ta ɗage, wani dattijo da ke bayansu ya yi magana bayan sallama a gaban jama'a. Baba ya dawo gida ransa a ɓace, ya tsaya a tsakar gida ya ce, "Ko wandon nan ya bar gidan nan, ko mai shi." Washegari muka tarar da wandon a rataye jikin ƙusa a ɗakin soro, mai shi kuwa ya tafi.

Ba nisa ya yi ba. Direbobin da ke sayen tuwonmu suka ce suna ganinsa a tashar Ojoo, yana lodin manyan motocin da ke zuwa Arewa, yana kwana a rumfar masu facin taya. Daga Sabo zuwa Ojoo kuɗin bas ne kawai, amma Baba ba zai je ba, Yaya ba zai dawo ba, Inna kuma matar aure ce, ba ta fita sai da izini, kuma ta san ba za a ba ta ba. Aka daina ambaton sunansa a gaban Baba. Mu dai rayuwa ta ci gaba. Da asuba mu tafi makarantar allo, inda Malam ke koya mana haɗa baƙi da wasali har muka iya rubuta Hausarmu da ajami. Da hantsi talla, da yamma mu yi 'yar carafke a bakin kwata, ko mu shiga cikin 'yan matan Yarbawa mu yi ta tsalle muna tafi. Amma kullum idan Inna ta zo rabon tuwon dare sai ta zuba a kwanon Yaya, ta rufe da faifai, da safe ta ɗumama ta ba wani. Wandon kuma yana nan a ƙusa, ƙura tana hawa kansa. Baba yana wucewa ta soron sau da yawa a yini, bai taɓa kallon wajen ba, bai kuma ce a sauke shi ba.

Kwana kaɗan bayan ƙunar, Inna tana zaune da hannayenta a naɗe da ƙyalle, ta kira ni ta ce in sauko da wandon, in kuma ɗauko almakashi. Na tsaya ina kallonta. Ta ce, "Ubanki ya ce wandon ya bar gidan nan. To, zai bari. Ni kuma ba zan sake ƙona hannuna ba." Da yake ba ta iya riƙe allura, ni na zama hannunta. Ta sa na fara cire maɓallan ƙarfen da ke bakin aljihu, ta ce ƙarfe yana ɗaukar zafi ya ɓoye, sai ya cije ki ba ki shirya ba. Na zana layin yanka da tawadar allona, na yanke ƙafafun wandon gunduwa-gunduwa kamar faɗin littafi. Tsakanin kowane yanki biyu muka shimfiɗa guntun tsohon bargo. Yadin ya fi ƙarfin ƙaramar allura, ta karye tun a ɗinkin farko, sai muka koma basillar da Baba ke ɗinke huhun goro da ita. Inna ta ce in goga zaren a jikin kyandir don ya yi santsi, in kuma kifa murfin kwalbar lemo a ɗan yatsana in riƙa tura basillar da shi. "Yi bisimilla a kowane kusurwa," in ji ta, "kuma kada ki ja zare da fushi, yadi yana tattarewa." Aljihunan baya guda biyu su ne suka fi kyau. Ba mu farke su ba. Muka yanko su da yadin da ke bayansu, muka ƙara musu bargo, sai ga shi hannu yana shiga ciki kamar an yi su don haka.

Aljihunan Inna ta ajiye wa kanta. Sauran kuwa ta ce sun yi mana yawa, in kai wa matan layinmu masu sana'ar wuta: mai ƙosai, mai waina, da tsohuwar da muke kira Gwaggo Ladi, mai dafa dawo don fura. Na shiga gida-gida da sallama ina miƙawa. Kowacce ta karɓa da murna, sai ta juya shi ta ga zaren nan ruwan goro. A hannun Gwaggo Ladi jan facin gwiwa ya faɗa. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta tambaye ni ko daga wandon Rilwanu ne. Na ce e. Ta ce, "Innarki ce ta ce a raba?" Na ce e. Sai ta dafa kaina, idonta ya ciko, ta ce in je, Allah ya ba mu haƙuri. Ni a lokacin na ɗauka maganar ƙunar Inna take yi. Ban san cewa a wurinmu ba a yanka tufar mai rai a raba ta gidaje ba. Kayan da ke fita daga gida haka, ɗaya nan ɗaya can, kayan mamaci ne, ana bayarwa don a riƙa tunawa da shi da addu'a.

Labari a Sabo ba ya buƙatar mota. Ya bi ta katanga daga mata zuwa mazajensu, kafin la'asar ya isa masallaci. Baba ya idar da salla yana neman takalminsa, sai wani abokin cinikinsa ya kama hannunsa ya ce Allah ya jiƙan yaro, ya ce me ya sa aka ɓoye musu. Na biyu ya zo, na uku ya zo. Har dattijon nan da ya yi magana ranar Juma'a ya matso yana cewa a yafe masa. Ina tsakar gida ina wanke kwanuka Baba ya shigo, takalmi ƙafa ɗaya, hularsa a hannu. Ban taɓa ganin kansa babu hula a waje da ɗakinsa ba sai ranar. Ya tsaya a gaban Inna ya ce, "Wa ya kawo labarin Rilwanu?" Wannan ne karo na farko da sunan ya fito daga bakinsa tun tafiyar. Inna ta ce babu wanda ya kawo mata labari, tsumman sauke tukunya kawai ta sa aka ɗinka. Baba ya ce, to yana raye ke nan? Inna ta dubi hannayenta da ke naɗe, ta ce, "Ina zan sani, Malam? Wa ya je ya duba?"

Baba ya juya ya fita, ni na bi shi da gudu da wasu takalman har bakin titi. Daga nan har magariba Inna ba ta tashi daga kan tabarmar salla ba. Gwaggo Ladi ta zo gaisuwar mutuwa da mayafinta, ta ji yadda abin yake, ta zauna ita ma tana jan carbi, ba ta san ko ta yi dariya ko ta yi kuka ba. Ana kiran salla muka ji sallamar Baba. Yana gaba, Yaya yana biye da shi, ya rame, rigarsa duk baƙin mai. Abin da suka faɗa wa juna a Ojoo, har yau babu wanda ya gaya mana. Yaya ya durƙusa gaban Inna, ta ɗora naɗaɗɗen hannunta a kansa, ta ce, "Ka ci abinci?"

Tukunyar miya tana kan murhu, ta nuna, kuma ni ban isa sauke ta ba. Yaya ya yunƙura, Baba ya ce ya zauna. Ya dubi ginshiƙi, ya ga aljihunan nan biyu a rataye. Ya ɗan tsaya, sannan ya zura hannayensa ciki, ya yi bisimilla, ya sauke tukunyar ya ajiye a gaban ɗansa. Yaya ya sunkuyar da kai yana danne murmushi, ya ce, "Baba, ashe ya yi maka daidai." Baba ya juya hannayensa yana dubawa, ya ce, "A nan ya kamata a sa shi tun farko." Inna ce ta fara dariya, ta ɗaga faifan da ke kan kwanon Yaya da gwiwar hannunta.

Yanzu jikokina maza da mata duk jins suke sawa, wani ma a yage suke sayensa da gangan. Yaya Rilwanu ya tsufa, ba ya fita sai da babbar riga, shi ne kuma mai yi musu faɗa a ƙofar masallaci, ni ina jinsa ina yin shiru. Murhun itace ya tafi, tukwanen yanzu da mariƙinsu na roba suke zuwa, babu wadda ke zama da basilla don ta kare tafinta. Ban ce lokacinmu ya fi nasu ba, hayaƙin nan ya cinye idanun iyayenmu mata da yawa. Amma aljihu ɗaya yana nan a akwatina, ya ƙone a gefe, zanen tawadata bai gama gogewa ba. Na taɓa tambayar Inna, kafin Allah ya karɓi abinsa, ko ta san abin da matan layi za su ɗauka da ta aike ni. Mace ce da ta raba kayan mamata da yawa da hannunta. Ta dube ni ta ce, "Ni dai hannuna ne ya ƙone." Allah ya jiƙanta, ya jiƙan Baba. Ba ta taka ƙofar gida ba, amma ita ce ta je Ojoo.