Shekara Ukun da Baba Ya Yi Yana Neman Mai Jifa

Baba ya zo wurina a Largo, a nan Amurka, don a yi masa aikin ƙashin ƙugu, da niyyar ya yi wata shida ya koma Zariya. Shekara uku ya yi. In 'yan'uwa suka tambaye ni dalili nakan ce likitoci ne, amma likitoci sun sallame shi tun kafin shekara ta zagayo. Ƙwallo ce ta riƙe shi, ƙwallon ma ta Amurkawa, wadda ake rungumewa a ruga da ita, a bi mutum a kayar a danne.

Ni ma'aikaciyar jinya ce, awa goma sha biyu nake yi a tsaye duk ranar da nake da aiki. Maigidana injiniya ne a Gaithersburg, hanya kaɗai ta ishe shi gajiya. Yara suna makaranta, in sun dawo ma Baba ya yi musu Hausa su amsa da Turanci su haye sama. Mutumin da ya yi shekara talatin yana hedimasta, ba a ƙetare maganarsa, sai ga shi a falo daga shi sai sandar dogarawa da carbi. Innarmu ta rasu shekara biyu kafin zuwansa, don haka ko a waya ba shi da wanda zai yi doguwar hira da shi.

Maƙwabcinmu ne ya jawo shi. Baƙar fatar Amurka ne, tsohon direban bas da ya yi ritaya, bango ɗaya ya raba gidanmu da nasa. Shi ma matarsa ta rasu. Ya ga Baba yana koyon tafiya a bakin ƙofa, taku goma ya huta, sai ya fito masa da kujera. Wata Lahadi na dawo daga sayayya na tarar da su a garejinsa gaban talabijin, Baba da hularsa da rigar sanyi a kan jamfa, yana sauraron bayani kamar ɗalibi. Tun daga ranar Baba ya sa masa suna Direba, shi kuma yana ce wa Baba Hedimasta.

Bayan 'yan makonni Baba ya tare ni a kicin ina tuƙa masa tuwo. Sunan mahaifiyarsa gare ni, don haka Uwata yake kirana.

Ya ce, "Uwata, duk ƙattin nan da kike gani suna turereniya, mutum ɗaya suke yi wa aiki. Shi ake miƙa wa ƙwallo, ya ɗaga kai ya duba, ya jefa wa wanda ya dace. Kwatabak suke ce masa, wato mai jifa. In ya gyaru kowa ya gyaru. To mu ba mu da shi."

Na ce, "Mu su wa, Baba?"

Ya ce, "Mu mana, 'yan garin nan."

Na yi dariya a ranar. Da na san tsawon da maganar za ta yi, da ban yi ba.

Direba ya ga zamanin da ƙungiyar garin take cin kofi, lokacin yana da ƙuruciya. Tun daga nan, in ji shi, ake canza mai jifa kamar riga, wannan ya karye, wancan ya gaza, wani ya yi kyau shekara ɗaya ya lalace. Shi ra'ayinsa a nemo gogagge daga wata ƙungiya, wanda ya san aikin, don ba shi da shekarun da zai zauna jiran yaro ya girma. Baba kuwa malami ne har cikin ƙashi. Cewa yake a ɗauko matashi daga jami'a, a zaunar da shi shekara guda yana kallo, a koya masa, kada a jefa shi cikin ƙatti tun bai san hagunsa da damansa ba. Kullum a kan wannan suke musu, daga kaka har bazara, ko da wasa ko babu.

Shekarar farko masu ƙungiyar suka bi ra'ayin Direba, suka kawo gogagge. Bai yi abin kirki ba. Baba bai yi masa dariya ba, sai dai ya riƙa gyaran murya duk sanda mutumin ya jefa wa abokan hamayya ƙwallo. Da lokacin komawarsa gida ya yi, ya ce min in ɗaga tikitin, yana so ya ga abin da za su yi a watan Afrilu, lokacin da ƙungiyoyi suke zaɓen sababbin 'yan wasa daga jami'o'i. Na ɗaga. Na kuma shiga yi masa takardun zama, don kada ya wuce wa'adinsa.

Shekara ta biyu ma ta wuce ba a dace ba, a ta uku aka ba wani matashi dama. Baba ya ɗauke shi kamar ɗalibinsa. In an kayar da shi sai ya ce laifin masu tsaronsa ne, in ya yi kuskure ya ce kowa ma da kuskure ya koya. Ya sa na sayo masa littafin rubutu, yana jera sunayen 'yan wasan jami'o'i da halin kowanne, wane yana da hannu amma ba shi da haƙuri, wane yana da gudu amma jikinsa ba zai ɗauki duka ba. Rediyon motata ya koma tashar da ake ta surutun wasanni. In zan kai shi masallaci ran Juma'a, ko Silver Spring sayen daddawa da kuka, maganar ke nan tun daga ƙofar gida har mu dawo.

Ni kuwa na gaji. Ina faɗa yanzu ba tare da kunya ba, amma a lokacin ko maigidana ban iya faɗa wa ba. Baba ba ya cin abin da yara suke ci, sai na yi tukunya biyu. Ba ya shiga wanka sai ina gida, don tsoron santsi. Ranakun hutuna duk sun tafi a kai shi ganin likita da karɓo magani. Ɗakin da muke saukar baƙi ya zama nasa, falon ma ya zama nasa. Maigidana bai taɓa cewa uffan ba, sai dai na lura ya fara daɗewa a mota in ya dawo aiki kafin ya shigo. Ga Yaya, babban wanmu, yana bugo waya daga Zariya duk mako. Ya ce rufin ɗakin Baba yana yoyo, ya ce mutane sun fara magana wai mun kai tsoho ƙasar Turawa mun ajiye, ya ce Baffa, ƙanin Baba, ba ya jin daɗi kuma yana yawan tambayarsa.

A ƙarshen shekarar ƙungiyar ta yi ta shan kashi. Baba ya bayyana min wata doka tasu da ta ba shi mamaki: ƙungiyar da ta fi kowa lalacewa ita take fara zaɓen sababbin 'yan wasa. Ke nan duk kashin da aka sha yana matso da su kusa da matashin da suke so. Wata Lahadi da la'asar ya shigo daga gareji jikinsa a sanyaye, ya zauna. Na tambaye shi ko an ci su ne.

Ya ce, "An ci mu. Kuma na ji daɗi, shi ne abin da ya dame ni. Shekara talatin ina gaya wa yara kada su yarda da faɗuwa, yau ga ni ina fatan namu su faɗi."

Ranar da na yi masa maganar da har yau nake jin nauyinta, da safe ne, ranar hutuna, ina wanke-wanke yana karanto min halayen wasu matasa uku daga littafinsa. Yaya ya bugo tun asuba ya ce an kwantar da Baffa a asibiti. Na rufe famfo na juyo.

Na ce, "Baba, don Allah, ko sun samu mai jifan nan, me zai ƙara maka? Baffa yana kwance, gidanka yana lalacewa, kana nan kana lissafin 'ya'yan mutanen da ba su san kana duniya ba."

Ya rufe littafin a hankali. Ya ajiye shi a kan tebur.

Ya ce, "Uwata, in na koma wa zan zauna da shi? Sa'o'ina duk sun tafi. Ɗakin uwarku a kulle yake. Nan ko ba komai akwai abin da nake jira ran Lahadi." Sannan ya ce, "Na san na yi miki nauyi. A bari a yi zaɓen Afrilu, sai in tafi."

Na ce ban ce ya yi min nauyi ba. Ya ce ya sani. Ya ɗauki sandarsa ya fita wurin Direba.

Baffa bai kai Afrilu ba. Ya rasu cikin watan Maris, aka yi jana'izarsa kafin mu gama sallar asuba a nan. Baba ya karɓi gaisuwa ta waya, yana zaune a bakin gado, yana amsa "amin" da muryar da ban san shi da ita ba. Kwana uku bai fita ba. Direba ya zo da baƙar riga, ya cire takalmi a bakin ƙofa ba tare da an gaya masa ba, ya zauna kusa da shi wajen awa guda, ba wanda ya ambaci ƙwallo.

Da Afrilu ta zo, ƙungiyar ta zaɓi ɗaya daga cikin matasan nan uku, mai gudun da Baba yake tsoron jikinsa ba zai jure ba. Direba ya ce wannan karon an dace. Baba ya ce Allah ya sa, ya kuma ce min in yanki tikiti. Cikin watan Yuni na raka shi filin jirgi. Bai ga wasan yaron ko ɗaya ba.

Yaron kuwa ya yi kyau a shekararsa ta farko, fiye da yadda kowa ya zata. Unguwarmu ta cika da tutoci, har a asibiti marasa lafiya maganar suke yi. A Zariya ba tashar da Baba yake kamawa da ke nuna wasan, sai ya zamana ni ce mai kai rahoto. Duk Litinin Direba yakan tare ni a bakin mota ya zayyana min yadda aka yi, ni kuma in buga wa Baba a lokacin hutun cin abinci in maimaita masa abin da na riƙe. Da farko yakan tambaya dalla-dalla, an kayar da shi sau nawa, yana saurin sakin ƙwallo ko yana riƙewa. Daga baya ya koma "Madalla" kawai, sai ya shiga ba ni labarin masu gyaran rufi da wani jikan Baffa da ya ƙi makaranta, wanda ya ɗauka yana yi wa darasi da safe.

Shekarar da ta biyo yaron ya yi ta jin ciwo, aka koma shan kashi, rediyo ya koma tambayar ko shi ne mai jifan da ake nema ko ba shi ba ne. Direba ya ce in gaya wa Hedimasta ya yi gaskiya game da jikin yaron. Na gaya masa. Baba ya ce in gaishe shi, in ce masa ya rage gishiri. Sannan ya tambaye ni yaushe zan samu hutu in zo gida. Na ce sai na duba jadawalin aiki. Lokacin cin abincina ya ƙare, na yi masa sallama na koma ɗakin marasa lafiya.