Man Aksul a Kan Idona

Ban yi boko ba. Tuƙi na iya, da shi nake ci tun ina saurayi. Na ja bas a Nyanya, na ja tipa, na yi zaman kashe wando bayan tipar ta mutu. Ba hatsari ne ya kashe ta ba, mai ne. Wani makanike ya ɗura mata abin da ya ga dama a aksul na baya, wato tulun ƙarfen nan da ke tsakanin tayoyin baya, inda haƙora ke juya su. Ta yi ta kuka, rannan haƙoran suka cinye juna a tsakiyar hanya. Mai tipa bai nemi makanike ba. Ni ya kora.

Yanzu a-kori-kura nake ja wa wata 'yar kasuwar doya a Kuje. Mama muke ce mata. Sabuwa dal ta sayi motar, kuma ita ce duk ƙarfinta. Ranar da muka karɓo ta, mai sayarwa ya durƙusa ya nuna mini wata 'yar takarda manne a jikin aksul. Ya ce wannan ba irin sauran ba ne. In taya ɗaya ta zame a laka, shi ke sa ɗayar ta kama ƙasa. Mansa daban ne, a kwalba mai jan murfi yake zuwa. In aka sa na gama-gari, zai fara gurnani a kwana, daga nan sai lalacewa. Na riƙe.

Lokacin canza man ya zo ana tsakar damina, sabuwar doya ta fara fitowa a gonakin Sheda. Mama ta ce in kai kamfanin da suka sayar mana, don in aka taɓa ta a waje garanti ya tashi. Ta ce in dawo da wuri, akwai lodin yamma. In motar nan ta kwanta a wannan lokaci, doyarta ta ruɓe a gona, ni kuma na san hanyar gida.

A bakin titi akwai yadda muke yi. Ka sayo manka da hannunka, ka zauna kan tsohuwar taya, a zuba kana kallo, a miƙo maka robar da ba komai a ciki. Ko makaniken ƙaninka ne haka ake yi, kuma ba ya jin haushi.

A kamfani ba haka ba ne. Suka karɓi makulli, suka sa ni a ɗaki mai sanyi, ga talabijin, ga shayi. Mota ta shige ciki, ban sake ganin ta ba. Kafin ta shige na gaya wa matar da ke kan tebur maganar jan murfi. Ta ce, "Ba wahala, Baba."

Bayan azahar ta kira ni.

"Baba, motar ka ya gama. Ga makulli."

Na ce, "Ina kwalbar?"

"Wane kwalba?"

"Ta man aksul. Wadda aka juye."

Ta yi dariya. "Baba, nan ba garejin bakin titi na Apo ba ne fa. Ba mu ba kwastoma shara."

"To ban karɓi makulli ba."

Ta juyo mini da kwamfuta, ta ce ga shi an rubuta. Na ce ba na karatu. Ko ina yi, rubutu ba ya shiga aksul. Na koma kujerata na zauna. Ta ajiye makullin a gefen tebur, ta ci gaba da sallamar mutane, tana satar kallona. Mama ta kira waya. Na ce da saura.

Can sai ga shugaban makanikai ya fito yana goge hannu da tsumma. Dattijo ne, daga jin Hausarsa na san mutumin Zariya ne. Shi ma ya gane ni.

Ya ce, "Af, ashe Bakano ne. Shi ya sa. Kwalbar ma so kake ka kai kasuwa ka sayar."

Na ce, "Bazazzagi, ku da kuke auna miya da cokali, na san ba ku yar da ita ba. Fito da ita."

Ya yi dariya, ya zauna kusa da ni. Ya ce suna da mai iri biyu. Na gama-gari a duro yake, da tiyo ake ɗura shi. Irin nawa a kwalba yake. Wanda ya yi aikin ya ce na kwalba ya sa, kuma shi bai taɓa kama shi da ƙarya ba. Amma an kwashe shara tun da rana.

Na ce, "Kai ka gani da idonka?"

"Ban gani ba."

"In an buɗe, za ka gane wanne ne a ciki?"

Ya ce, "Gaskiya in ya riga ya shiga, ko ni ba zan rantse ba. Kala kusan ɗaya, wari ɗaya."

Na ji daɗin wannan amsa. Na ce, "To a zubar, a sa sabo ina kallo."

"Mai yiwuwa mai kyau za ka zubar fa."

"Na sani."

"Kamfani ba zai ɗauki kuɗin ba."

"A kaina."

Saura shiga. Matar tebur ta ce doka ta hana baƙo ya wuce jan layin da ke ƙofar gareji, kuma ba ta da ikon karya ta. Ban ce ta karya ba. Na je na tsaya a bakin layin, yatsun ƙafata a kansa. Dattijon ya dube ni, ya dubi garejin, ya sa aka fitar da wata mota daga injin ɗagawa na kusa da ƙofa, aka ɗora tawa.

Ya kawo sabuwar kwalba a rufe. Murfin ba ja ba ne, baƙi ne.

Na ce, "Ba shi ba ne."

"Sun canza kwalba bara. Man bai canza ba."

"Haka kowa zai ce."

Bai yi musu ba. Ya karɓi wayata ya shiga ƙarƙashin mota, ya ɗauko hoton takardar da ke jikin aksul, ya haɗa da kwalbar a tafin hannuna. Ya sa farce a kan haruffan nan, ya sa a kan na can. Ban san sunansu ba, amma ina da ido. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, kamar mai gwada ƙusa da rami. Sun yi daidai. Na fasa murfin da hannuna na miƙa masa.

Ya kwance ƙusar ƙasa da kansa. Man ya zubo cikin tasa, garai-garai, sabo. Ya ɗaure, ya ɗura nawa har ya fara tsiyaya ta bakin ramin sama, ya toshe. Ya ce, "Bakano, hankali ya kwanta?"

Na ce, "Ya kwanta. Na gode."

Na isa Kuje rana ta yi sanyi, lodin yamma ya wuce. Mama na zaune bakin rumfa, ba ta amsa gaisuwata ba. Na gaya mata komai, ban rage ba.

Ta ce, "Wato mai kyau ka sa aka zubar?"

"Wataƙila."

"Ba ka ma sani ba?"

"Na farkon ban sani ba. Wanda ke ciki yanzu na sani."

Ta yi tsaki, ta ce kaina ya fi doyar bara tauri. Na miƙa mata makulli kamar yadda nake yi kullum in an tashi. Ta ture hannuna.

"Riƙe. Gobe Sheda, sawu biyu za ka yi. Ka biya na yau."